Tara Takardun Kuɗin Burma na Bayan 'Yancin Kai: Daga Ina Za Ka Fara?

Ba kasafai ake samun ƙasar da ta taɓa buga takardar kuɗi ta 45 ko ta 90 ba. Burma ta buga su, har da ta 15 da ta 35 da ta 75, duka a tsakanin 1985 da 1987. Su ne suke fara jan hankalin mai sha'awar tara tsofaffin kuɗi zuwa ƙasar, kuma a kansu ake fara cutarsa. Masu sayarwa a intanet sun san duk wanda ya ga 45 a jikin kuɗi zai ɗauka ya yi tsintuwa, sai su rubuta masa cewa abu ne mai wuyar samu, su tsuga farashi. Alhali waɗannan masu lambobin ban mamaki suna cikin mafi araha a duk jerin. Masu wuyar su ne na farko-farko, na 1948 zuwa 1953, waɗanda ba su da wani abin ba da labari a ido, sai ɗawisu da zaki. Idan ka riƙe wannan tun kafin ka fitar da ko sisi, rabin aikin ya ƙare. Sauran rabin shi ne abin da ke tafe.

Mataki na ɗaya: ja layin inda za ka fara da inda za ka tsaya

Burma ta samu 'yancin kai daga Birtaniya ranar 4 ga Janairun 1948. A watan Yunin 1989 sojoji suka sauya sunan ƙasar zuwa Myanmar, kuma daga 1990 takardun kuɗi suka fara fitowa da sabon sunan. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu akwai takardu 33 a babban jeri. Adadi ne da mutum ɗaya mai matsakaicin ƙarfi zai iya sa wa gaba, ba kamar wasu ƙasashen da jerinsu ba ya ƙarewa ba.

Akwai abubuwa biyu da za a yi ta tura maka da sunan tsohon kuɗin Burma, amma ba na bayan 'yanci ba ne. Na farko kuɗin da Japan ta buga lokacin da ta mamaye ƙasar a Yaƙin Duniya na Biyu. Za ka gane su da rubutun The Japanese Government a sama, da harafin B a farkon lambarsu, da hoton wurin ibadar Ananda na tsohon birnin Bagan a kan mafi yawansu. An buga su ba adadi, shi ya sa har yau suke jibge. Na biyu takardun Indiya masu hoton Sarki George na Shida da aka buga wa hatimi a 1945 da 1947 don a kashe su a Burma kaɗai. Waɗannan suna da daraja, amma na zamanin Turawa ne. Ka bar su tukuna.

Mataki na biyu: koyi sunan wanda ya fitar da kuɗin

Mafi yawan takardun Burma ba su ɗauke da shekara. Za ka juya gaba da baya ba ka ga kwanan wata ba. Abin da ke gaya maka zamanin takarda shi ne sunan hukumar da ta fitar da ita, kuma an rubuta shi da Turanci, galibi a baya. Sunayen suna kama da juna har su rikita mutum, don haka a nan ya kamata ka zauna sosai.

Government of Burma shi ne na 1948: rupi 1 da rupi 5. Daga nan sai Government of the Union of Burma, wajajen 1949 zuwa 1950, da rupi 10 da rupi 100. A lokacin ƙasar tana amfani da rupi ne irin tsarin Indiya, kuma kamfanin Thomas De La Rue na Ingila ne ya buga takardun. Babu hoton mutum a kansu. Akwai ɗawisu, tsohuwar alamar sarakunan Burma da 'yan kishin ƙasa suka ɗauka, da kuma chinthe, wata dabba mai siffar zaki da ake girka mutum-mutuminta a ƙofar wuraren ibadar mabiya Buddha.

Ranar 1 ga Yulin 1952 aka maye gurbin rupi da kyat, ɗaya da ɗaya, aka raba kowane kyat zuwa pya 100. Babban bankin ƙasar, Union Bank of Burma, ya karɓi aikin fitar da kuɗi. A nan akwai tarko. Bankin ya fitar da jeri biyu da kundin masu tarawa ya sa a 1953, kowanne da 1 da 5 da 10 da 100, kuma zanensu kusan ɗaya ne. Bambancin kalma ɗaya ce a baya: wani an rubuta Rupees, wani Kyats. Na rupi sun fi wuyar samu. Mai sayarwar da bai nuna maka bayan takarda ba, bai nuna maka komai ba.

A 1958 bankin ya fitar da sabon jeri na guda shida: 1, 5, 10, 20, 50 da 100. A nan ne Janar Aung San ya hau kan kuɗi, sanye da hular soja. Shi ne ya jagoranci neman 'yanci, amma bai ga ranar ba, domin an harbe shi tare da wasu ministocinsa ranar 19 ga Yulin 1947 yana da shekara 32. A ganina wannan ne jeri mafi kyau a duk tarihin kuɗin ƙasar. Bayan mafi yawansu aikin yau da kullum ne na mutanen Burma: jiragen ruwa masu filafilai, mace tana kaɗi, giwa tana ɗaukar gungumen katako, masu dashen shinkafa, manomi da shanun huɗa.

Sai Janar Ne Win ya yi juyin mulki ranar 2 ga Maris 1962, ya mayar da bankuna hannun gwamnati a 1963, sannan a watan Mayun 1964 ya soke takardun 50 da na 100, wai don a karya 'yan kasuwar bayan fage. Shi ya sa jerin 1965, mai ɗauke da sunan Peoples Bank of Burma, ya tsaya a 1 da 5 da 10 da 20. Ba wai ka rasa manyan ba ne, ba a buga su ba. A Jamus ta Gabas aka buga wannan jerin, kuma da ka ajiye shi kusa da na 1958 za ka ga hannun ya sauya.

Suna na ƙarshe shi ne Union of Burma Bank. Ka lura da shi da kyau, kalmomin Union Bank of Burma ne aka jirkita, amma tsakaninsu kusan shekara ashirin ne. A ƙarƙashinsa aka fitar da 1 da 25 a 1972, 5 da 10 a 1973, 100 a 1976, sai 50 a 1979. Daga wannan lokaci ƙasar ta fara buga kuɗinta a gida, a maɗaba'ar gwamnati da ke Wazi, da taimakon kamfanin Giesecke & Devrient na Jamus. Duk Aung San ne a gaba, cikin shiga daban-daban. A bayan 1 akwai masaƙa, a bayan 5 wata bishiya 'yar'uwar giginyarmu, a bayan 100 kuma saung, abin kiɗan Burma mai tsirkiya da lanƙwasasshen wuya.

Masu lambobin ban mamaki su ma wannan sunan suke ɗauke da shi, kuma ba za ka fahimce su ba sai ka bi ranakun. Ranar 3 ga Nuwamban 1985 gwamnati ta sake soke manyan takardu, ciki har da 50 da 100, ta ba da damar canza wani ƙayyadadden adadi. Bayan mako guda 75 ta fito. Ana cewa don cikar Ne Win shekara 75 aka yi ta. Ranar 1 ga Agustan 1986 aka ƙaro 15 da 35. Sai ranar 5 ga Satumban 1987 aka wayi gari an soke 25 da 35 da 75, ba sanarwa tun da wuri, ba canji, ba diyya. Wanda ya ga canjin launin Naira na 1984 ko wahalar sababbin kuɗi ta 2023 ya san yadda layin banki yake. To a Burma ta 1987 ko layin ba a ba su ba. Mafi yawan kuɗin da ke hannun jama'a ya zama takarda kawai. Ɗalibai a Rangun, babban birnin ƙasar a lokacin, waɗanda kuɗin makarantarsu ya narke a aljihu, suka fito zanga-zanga, kuma wannan ɓacin rai yana cikin abubuwan da suka kai ga babban boren da jama'a suka yi wa mulkin soja ranar 8 ga Agustan 1988.

Ranar 22 ga Satumban 1987 aka fitar da 45 da 90. An san Ne Win da camfi a kan lamba tara: dukansu tara na raba su, kuma idan ka haɗa 4 da 5, ko 9 da 0, tara za ka samu. Su biyun ne kaɗai a wannan zamani ba Aung San a gabansu. A kan 45 akwai Po Hla Gyi, jagoran yajin aikin ma'aikatan rijiyoyin mai na 1938, kuma bayanta ma'aikatan mai ne. A kan 90 akwai Saya San, wanda ya jagoranci tawayen manoma da ya ɓarke a ƙarshen 1930, Turawa suka rataye shi a 1931. Bayanta noman shinkafa ne.

Mataki na uku: lambobi iri biyu

Ka haddace lambobin Burma daga sifili zuwa tara: ၀ ၁ ၂ ၃ ၄ ၅ ၆ ၇ ၈ ၉. Aikin yini ɗaya ne. A fuskar takardu da yawa da su ake rubuta darajar kuɗin da lambar takardar, kuma sai ka iya karanta su za ka tabbatar cewa takardar da ta iso hannunka ita ce wadda ka gani a hoto. Ka yi hattara da ၄, huɗu ce ba tara ba, duk da idon da ya saba da lambobin boko zai so ya karanta ta haka.

Lambobi na biyu su ne na kundi. Masu tara takardun kuɗi a duniya suna kiran kowace takarda da lambar Pick, daga sunan Albert Pick wanda ya tsara babban kundin takardun kuɗin duniya, kuma ana rubuta ta da harafin P a gaba. Na Burma bayan 'yanci sun fara daga P34 zuwa P66. Na 1948 su ne 34 da 35, na gaba 36 da 37, rupi na 1953 daga 38 zuwa 41, kyat na 1953 daga 42 zuwa 45, na 1958 daga 46 zuwa 51, na 1965 daga 52 zuwa 55, na shekarun 1970 daga 56 zuwa 61. Biyar ɗin ƙarshe an jera su ne bisa girma, ba bisa ranar fitowa ba: 15 ita ce P62, 35 P63, 45 P64, 75 P65, 90 P66. Ka rubuta wannan jeri a littafi, layi ɗaya ga kowace takarda, ka bar gurbin ranar saye da farashi da yanayi da lambar takardar. Idan za ka nema a intanet, ka rubuta Burma da lambar P. Ya fi sauri, kuma mai sayarwa zai gane ba baƙo ba ne kai.

Mataki na huɗu: fara daga ƙarshe

Mutum yana so ya fara da 1948 don ya bi tarihi a jere. Kada ka yi haka. Ka fara da 1972 zuwa 1987. Dalili kuwa, waɗannan takardu sun rage da yawa ba a taɓa kashe su ba. Wasu an soke su suna sababbi, wasu kuma, kamar 45 da 90 da ba a soke ba, hauhawar farashi ce ta cinye su har suka daina amfani. Dillalai sun kwashe su bandir-bandir. Yau ana samun yawancinsu fil a kan 'yan daloli kaɗan, ƙananan ma ƙasa da haka. Idan ka yi kuskure a nan, kuskure ne mai araha, kuma da su za ka horar da idonka da yatsunka a kan yadda takardar gaske take. A wannan rukuni 50 ta 1979 da 100 ta 1976 sun ɗan fi sauran tsada, don haka ka bar su su zama na ƙarshe.

Daga nan ka koma 1965, guda huɗu ne kawai kuma ba sa wahala. Sai 1958, inda ƙananan ke da sauƙi amma 50 da 100 za su sa ka jira. Sai kyat na 1953. Rupi na 1953 da na 1948 zuwa 1950 su ne ƙarshen tafiya, musamman manyan. Wani zai yi shekaru gurbin rupi 100 na nan a buɗe, kuma ba abin kunya ba ne.

Game da saye ɗaya-ɗaya ko a haɗe: a kan na 1972 zuwa 1987 ka sayi jeri a haɗe daga mutum ɗaya, domin kuɗin aikowa sau da yawa ya fi kuɗin takardar. A kan tsofaffi kuwa, jerin haɗe yakan zama hanyar da mai sayarwa ke cusa takarda ɗaya mai rauni a cikin masu kyau uku. Ka saye su ɗai-ɗai.

Mataki na biyar: duba lafiyar takarda

Takarda iri ɗaya tana iya ninka 'yar'uwarta farashi sau da yawa saboda lanƙwasa ɗaya. Masu sayarwa suna amfani da gajerun haruffa, bisa ma'aunin da ƙungiyar masu tara takardun kuɗi ta duniya, IBNS, ta yi bayani. UNC na nufin ba ta taɓa yawo ba, babu lanƙwasa ko kaɗan. AU tana da ɗan alamar taɓawa ko lanƙwasa ɗaya mai sauƙi. XF ko EF ta ɗan shiga hannu amma tana da ƙarfinta. VF ta yi yawo, da lanƙwasa da dama, amma ba ta yage ba. F da VG sun sha jiki. Akwai kuma kamfanoni irin su PMG da ke duba takarda su rufe ta a leda mai kauri da maki daga 1 zuwa 70. Wannan yana da amfani a kan rupi 100 ta farko. A kan kyat 15 ɓarnar kuɗi ce, domin kuɗin dubawar ya fi takardar.

Ƙa'idar da nake ba da shawara a kai: daga 1965 zuwa sama kada ka karɓi ƙasa da UNC, tunda akwai su. Daga 1958 zuwa ƙasa, VF mai tsabta wadda ba a taɓa ta da gyara ba ta fi wadda aka wanke aka goge don ta yi kama da sabuwa.

Ga yadda ake dubawa idan ta iso. Wanke hannu, ka bushe shi sarai. Kwantar da takardar a kan tebur mai tsabta, ka haska tocila daga gefe, kusan a kwance, ba daga sama ba. Lanƙwasar da ido bai gani ba za ta tashi da inuwarta, musamman ta tsakiya, wadda ta ratsa daga sama zuwa ƙasa. Duba kusurwoyi huɗu: na sabuwa suna da tsini, na wadda ta yi yawo sun dakushe ko da an goge ta. Sai ka ɗaga ta ga haske. A takardun shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980 za ka ga fuskar Aung San a cikin jikin takardar, a farin filin da aka bari. Hoton yana da duhu da haske a hankali, ba kamar an buga shi a sama ba. A wannan ɗagawar ne kuma ƙananan hujojin allura ke bayyana. Tsofaffin takardu na yankin sukan zo da su saboda yadda ake maƙale bandir a da, kuma mai gaskiya zai faɗa maka tun kafin ka biya. Daga ƙarshe ka shafa ɗan yatsa a hankali a kan hoton da manyan rubutu. Tawadar asali tana da tudu kaɗan da za ka ji. Idan takarda ta tsufa amma ta yi sumul kamar gilashi, launinta ya koɗe, ba ta da ƙarar nan ta sabuwar takarda, ta sha ruwa da dutsen guga. Fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji ke duba dala da ita tana tona asirin wadda aka wanke da sabulu ko sinadari, domin wurin yakan yi haske dabam da sauran.

Burma ƙasa ce mai ruwan sama da danshi, don haka ɗigo-ɗigon tsatsa masu ruwan ƙasa sun zama ruwan dare a tsofaffin takardunta. Ba sa fita. Kada ka gwada.

Mataki na shida: wurin saye da abin gudu

Kasuwar tana intanet ne: eBay, Delcampe, da shagunan dillalan takardun kuɗi na Turai da Amurka da Singafo da Tailan. Ga manyan takardu akwai gidajen gwanjo. Ka duba tarihin mai sayarwa, ka fi karkata ga wanda sana'arsa ke nan, ba wanda ke sayar da takalma da agogo ya haɗa da kuɗi ba. Kafin ka yi tayi, ka duba farashin da aka riga aka sayar da irin takardar, ba wanda ake nema ba. Kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a kan hajarsa. Ka nemi hoton gaba da baya na ainihin takardar. A kan masu araha dillali yakan sa hoto ɗaya ya ce lamba za ta bambanta, wannan ba laifi. A kan tsofaffi kuwa, sai lambar da ke hoto ta zama ita ce za ta zo.

Ba a cika yin jabun kyat 35 ba, wahalar ta fi ribar. Inda ake maguɗi shi ne inda hatimi ko kalma ɗaya ke ɗaga farashi. Takardar da aka buga wa Specimen, wato samfurin banki, tana da tsada, don haka wasu ke samun takarda ta yau da kullum su buga mata hatimin da kansu. Haka ake yi wa takardun Indiya masu hatimin Burma da na ambata. Haka kuma waɗanda ake cewa kuskuren maɗaba'a ne, launi ya ɓace ko yanka ya karkace. Da yawa almakashi ne da sinadari. Sabon shiga ya bar waɗannan duka har sai idonsa ya nuna, ko kuma ya sayi wadda kamfanin dubawa ya riga ya rufe.

Wajen aikowa, ka biya kuɗin saƙo mai rajista da lambar bibiya, ka roƙi a sa takardar cikin leda tsakanin kwali biyu masu tauri, kuma kada a rubuta abin da ke ciki da manyan baƙaƙe a bayan ambulan. Idan kana da ɗan'uwa a ƙasar da dillalin yake, a tara maka a wurinsa a kawo gaba ɗaya.

Mataki na bakwai: ajiya a irin yanayinmu

A nan ne mutane ke lalata abin da suka sha wahalar samu. Kada ka kai takarda a manne ta da leda mai zafi irin ta katin shaida. Da an yi haka darajarta ta tafi, kuma ba a cirewa. Kada salatif, kada roba, kada gam, kada rubutu ko da fensir ne. Kowace takarda ta shiga aljihunta na leda mai tauri da aka yi don wannan aiki, irin ta poliyesta da ake sayarwa da sunan Mylar. Ka guji leda mai laushi mai wari, irin ta PVC, domin da zafi takan fitar da maiƙo ya kama tawada. Ka auna kafin ka yi oda, saboda manyan takardun farko sun fi na baya faɗi, kuma tura takarda cikin aljihun da ya matse ta shi ke karya kusurwa.

Da damina danshi ne abokin gaba, yana kawo fumfuna da ɗigon tsatsa. Ka sa kundin da ka jera takardun a ciki a akwati mai rufuwa sosai, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka riƙa sauya su. Da hunturu ƙura ce, mai shiga ko'ina ta goge fuskar takarda. Da bazara kuma kada akwatin ya kwana a ɗakin da kwano ke gasawa. Ka ɗaga shi daga ƙasa, ka nisanta shi da bango saboda gara, ka riƙa buɗewa lokaci-lokaci don kyankyaso. Idan kana son ka rataya wani abu a falo, ka ɗauki hoto ka buga. Rana tana cin launin ta asali cikin 'yan watanni.

Idan 33 ɗin sun kusa cika

Akwai takarda ɗaya da nake ganin ta cancanci shafin ƙarshe ko da ta tsallake layin da muka ja: kyat 1 ta 1990, P67, mai sunan Central Bank of Myanmar. Ita ce ta ƙarshe mai hoton Aung San kafin sojoji su sauke shi daga kan kuɗi su sa chinthe. Labarin da ya bazu a kanta shi ne, fuskar da ke ɓoye a jikin takardar an sassauta ta har ta yi kama da 'yarsa, Aung San Suu Kyi, wadda ke tsare a gida a lokacin. Ka saye ta, tana da araha, ka ɗaga ga haske ka yanke wa kanka hukunci. Aung San bai koma kan kuɗi ba sai Janairun 2020, a kan kyat 1,000.

Wanda yake so ya ci gaba yana da hanyoyi biyu. Ko ya bi jerin Myanmar, daga 200 ta 1990 zuwa 5,000 mai farar giwa ta 2009 da 10,000 ta 2012, ko ya nemi takardun musayar kuɗin waje da ake kira FEC, waɗanda aka fara a 1993 da darajar dala, ana tilasta wa baƙi masu yawon buɗe ido su saya idan sun sauka, har aka daina su a 2013. Na biyun ƙaramin jeri ne, amma samun su fil ya fi wuya fiye da yadda shekarunsu za su sa ka zata, don haka idan ka ci karo da mai kyau a farashi mai ma'ana, kada ka ce sai wani watan.